Tambayar da Uda Yandri Ya Yi Mini a Gaban Kawuna

Assalamu alaikum masu bibiyata. Na san kun ji ni shiru, har wata a cikinku ta rubuto tana tambaya ko an mayar da ni ƙauye ne an ƙwace wayar. Ba a mayar da ni ba. Ina nan Bandung, a ɗakina na saman gidan abincin kawuna, ƙamshin rendang, naman nan namu mai madarar kwakwa, yana hawowa ta tsakanin katakon bene kamar kullum. Fargaba ce ta rufe mini baki. Yau kuwa zuciyata wasai take, don haka ku gyara zama.

Ga sababbin zuwa, sunana Ranti, ina karatun digiri na uku a fannin fiziks. Wanda nake so shi ne Uda Yandri, matashin malami a sashenmu. Shi aikinsa lissafi a kan allo, ni aikina tanda da duwatsu. A wajenmu mu ƙabilar Minang, dangin mace ne ke ɗaukar carano, tiren tagullar nan mai ganyen sirih da ake taunawa, su je gidan su namiji su nemo shi. Mai jan tawagar kuwa shi ne wan uwa. Nawa shi ne Mak Dang, yayan mahaifiyata Bundo, mai gidan abincin nan da nake zaune a samansa. In bai tashi ba babu mai tashi, ko mahaifina sai dai ya ba da shawara.

Kuma wallahi ya riga ya amince. Uda Yandri ya daɗe yana cin abinci a wajensa, da hannu yake ci, yana neman ƙarin koren barkono, Mak Dang kuma yana kallonsa yana murmushi yana cewa yaron nan ya san abinci. Bundo har ta fara goge carano a ƙauye. Komai yana tafiya sumul sai ranar da na tsaya gabatar da aikina a gaban sashe.

Bari in ɗan gaya muku aikin, don kar ku ce a kan banza aka yi rigimar. Ina haɗa wani ɗan dutse ne, kiristal mai launin ruwan hoda, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. A cikinsa ƙwayoyin zarra kowace tana da ɗan maganaɗisunta, ku ɗauka wata 'yar allura ce mai kai da gindi. Halin alluran nan shi ne kowace ba ta son ta fuskanci inda maƙwabciyarta ta fuskanta. In su biyu ne babu matsala, wannan gabas waccan yamma. To a dutsena an jera su ne yadda kowace ke maƙwabtaka da sauran duka. Ta farko gabas, ta biyu yamma, ta ukun fa? Duk inda ta juya ta yi daidai da wata. Babu tsarin da zai gamsar da kowa, sai tsare-tsare masu yawa waɗanda babu wanda ya fi wani sauƙi. A lissafi bai kamata dutsen ya iya zaɓa ba. Amma in aka sanyaya shi, sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi, sai ya zaɓi guda ɗaya, kuma kullum shi ɗin dai.

Me ya zaɓar masa? Ni na ce karkarwa ce. Alluran ba sa taɓa tsayawa cak, kullum suna 'yar rawa, ko a cikin wannan sanyin. Tsarin da ya fi ba su sararin yin rawar, shi suke komawa. In kin shiga ƙaramar motar haya kika tarar da kujeru iri ɗaya, ai wadda za ki iya motsa ƙafa za ki nufa. Abin da na shafe shekaru ina ƙoƙarin nunawa ke nan, cewa rashin natsuwar ne da kansa ke kawo tsarin.

Ranar gabatarwa na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da zanen da Bundo ta aiko mini, mai zaren zinariya a baki, na ɗaura hijabi ruwan madara na maƙala ɗan tsinken azurfa. Mak Dang kuwa rufe shago ya yi. Mutumin da ko ranar sallah sai ya leƙa kicin! Ya sa rigar batik mai dogon hannu da baƙar hula, ya sa aka ɗauko kwalayen shinkafa da rendang na sashe gaba ɗaya, ya zauna a layin gaba ya ɗora hannu bisa ciki. Ban zaci ya gane ko kalma ɗaya ba, amma duk lokacin da na canja hoto sai ya gyaɗa kai.

Na gama, aka tafa. Malamata Bu Nenden ta ce akwai mai tambaya? Hannun farko da ya tashi na Uda Yandri ne. Mak Dang ya waiwaya ya gan shi, ya faɗaɗa murmushi, ya zaci yabo ne zai biyo baya.

Uda ya miƙe ya gyara tabarau ya ce, “Ranti, na gode. Amma ban yarda ba.”

Na ce, “Da me, Uda?”

“Ta yaya kika san karkarwa ce ta zaɓa? Dutsen da aka haɗa a tanda ba ya rasa datti. In akwai ƙwayoyin da suka ɓace, ko suka zauna a gurbin da ba nasu ba, su ma suna iya tura alluran su bi tsari ɗaya. Kin ga tsari ne, sai kika raɗa masa sunan da kike so.”

Kika raɗa masa sunan da kike so! Har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Na ba shi amsa, ya ce ba ta isa ba. Na nuna masa gwajin tsabtar dutsen, ya ce na'urar ba ta ganin dattin da ya yi ƙanƙanta. Sai ga shi ya taso ya zo gaban allo ya karɓi allin da ke hannuna ya hau rubutu, muryarsa tana tashi, tawa ma tana tashi. Bu Nenden tana zaune tana murmushi kamar ana mata kiɗa.

Ku gane, a sashenmu haka ake yi. In kika gama magana aka yi shiru, to aikinki ya mutu. Wanda ya ɗauke ki da muhimmanci shi ne zai tashi ya nemi ya rushe ki. Da muka fito ɗalibai sai taya ni murna suke yi, wai Uda Yandri bai taɓa tasowa har gaban allo saboda aikin wani ɗalibi ba. Ni kaina haushi nake ji, amma irin haushin da ke sa mutum ya koma aiki.

Mak Dang bai san wannan ba. Shi abin da ya gani shi ne saurayin da za a je nema ya ƙwace alli a hannun 'yar ƙanwarsa a gaban jama'a ya ce mata maƙaryaciya. Da aka zo rabon abinci shi da kansa ya tsaya yana miƙa wa kowa kwalinsa. Uda ya zo ya miƙa hannu yana dariya. Mak Dang ya dube shi tun daga takalmi har tabarau ya ce, “Ya ƙare.” Ga kwalaye nan jibge a bayansa sun kai ƙugu.

Muna isa gida bai ko cire hula ba ya kira ni falo.

“Wannan ne za mu ɗauki carano mu je mu roƙo?”

Na ce, “Mak Dang, ai ba faɗa ba ne, haka aikinmu yake.”

“Aikinku? Ni ma ina da aiki. In mai dafa mini miya ta cika gishiri, kicin nake jan ta in gaya mata, ba a gaban masu cin abinci ba. Tun bai shigo gidanmu ba yana ƙwace abu a hannunki, in ya shigo fa?”

“Wallahi girmamawa ce.”

“Allah ya raba ni da irin wannan girmamawar. Ki saurare ni, Ranti. A gaban mutane ya ce ba ki da gaskiya, a gaban mutane zai tsaya ya janye. In bai yi ba, ƙafata ba za ta taka gidansu ba, kuma kar in sake ganin sa a shagona.”

Kafin la'asar labari ya isa ƙauye. Wayata ta cika da saƙonnin murya. Bundo tana cewa, “Ranti, da gaske ne ya daka miki tsawa? Yayana ya ce har hannunki ya buge.” Na rubuta mata cewa alli kawai ya karɓa. Ta amsa, “Yau alli.” Gwaggona Ros kuwa a rukunin hirar 'yan uwa na waya ta sa hoton ɗan ƙawarta, wani likitan haƙori mai gashin baki, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Na gane, kowa ma ya gane.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne. Na rubuta wa Uda:

“Ka zo taron sashe na gaba ka ce ka janye, shi ke nan. Mak Dang zai huce.”

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can ya turo:

“Zan ba Mak Dang haƙuri a kan muryata da ta yi sama, da allin da na karɓa. Wannan kuskurena ne. Amma ba zan ce na janye tambayar ba alhali ba a amsa ta ba.”

“Uda, aurenmu fa ake magana.”

“Na sani. Amma in na yi haka na mayar da ke yarinyar da ake lallaɓawa. In ban tambaye ki ba, wani zai tambaye ki a ƙasar waje, wanda bai damu da ke ba.”

“To ka auri tambayar.”

Na kifa wayar a kan katifa na yi kuka mai isata. Ina kukan ina zaginsa a zuci, mai taurin kai, mai tabarau kamar gindin kwalba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san ba ƙarya ya yi ba. Ban amsa tambayar ba. Ya je shago ya ba da haƙurinsa na murya, Mak Dang ya ce ba wannan ya nema ba, ya ci gaba da yanka albasa.

Ina gaban tanda wata safiya, ina kallon sandar garin dutsen tana narkewa a tsakiyar madubai masu tara mata zafi, dabarar ta zo mini. Yana cewa datti ne ya zaɓa? To zan zuba dattin da hannuna. In haɗa wani dutsen, in cire wasu ƙwayoyi masu allura da gangan in sa marasa allura a gurbinsu. In mai dattin ya zaɓi tsari iri ɗaya da na farko, to Uda ne da gaskiya, datti ne ke aikin tun asali. In kuwa ya zaɓi wani tsari dabam, to datti wani wajen yake ja, ba shi ya zaɓar wa dutsena mai tsabta ba.

Na je na gaya wa Bu Nenden. Ta sauke kofin shayinta ta ce, “Ranti 'yata, kin san in ya fito ba yadda kike so ba, rabin kundinki ya tafi?”

Na ce, “Na sani, Bu.” Ban gaya mata cewa ba kundin kaɗai zai tafi ba.

Na rubuta wa Uda, saƙon farko bayan kwanakin da na yi ina gaba da shi. Ya amsa nan take: “Wannan gwajin ya yi. In ya nuna ke ce da gaskiya zan tsaya ko a tsakiyar kasuwa ne in faɗa.” Na ce in ya nuna kai ne fa? Bai amsa wannan ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Da na yi wa Mak Dang bayani yana juya tukunyar rendang, sai ya tsaya da ludayi a hannu. “Wato yanzu auren 'yar ƙanwata yana hannun tsakuwa?” Na ce kusan haka ne. Ya girgiza kai ya ce karatun zamani dai Allah ya kyauta.

Ba zan ɓoye muku ba, watannin nan sun ba ni wuya. Haɗa irin dutsen nan sai a hankali, tanda tana jan sa kaɗan-kaɗan, in kika yi gaggawa ya tsage. Na farko ya tsage. Na biyu ya fito da duhu-duhu a gefe, na jefar. Na rame har rigunana suka fara yawo a jikina, Bundo ta gan ni a kiran bidiyo ta ce in ba don tana tsoron yayanta ba da ta hau mota ta zo ta ɗauke ni. Gwaggo Ros ta sake sa hoton likitan haƙorin, wannan karon a jingine da mota.

Uda kuwa da aka hana shi shago sai ya koma cin abinci a wani wajen kusa da tasha. Ya turo mini hoton farantin: “Dubi abin da suke kira rendang. Ranti, hukuncin nan ya yi tsanani.” Na so in share shi amma dariya ta ƙwace mini. Na rubuta, “Ka ci tambayarka ka ƙoshi.” Ya turo fuska mai kuka.

A bayan dariyar kuwa tsoro ne fal cikina. Ina son mutumin nan, kuma saboda wannan taurin kan nasa nake son sa, shi ne abin takaicin. In dutsen ya ba shi gaskiya ba zai janye ba, ni ma ba zan so ya janye ba. Mak Dang kuma ba mutumin da ke haɗiye maganarsa ba ne. Na sha zama a kan sallaya ina roƙon Allah, sai in rasa me zan roƙa, don dutse ba ya canja halinsa saboda kukan mace. Daga ƙarshe sai in ce Allah ka ba ni ƙarfin ɗaukar abin da ya fito.

Dutse na uku ya fito lafiya, garau, ruwan hodarsa ya ɗan fi na farkon haske. Na'urar da ke iya ganin yadda alluran suka jeru ba mu da ita, sai Japan. Ana sanyaya dutsen a harba masa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutron, su fito su zana ɗige-ɗige a allo, daga ɗige-ɗigen ake karanta tsarin. Bu Nenden ce ta samu lokaci a na'urar, ta tafi da duwatsun biyu a cikin 'yar kwalba naɗe da auduga. A filin jirgi na riƙe jakarta na kasa saki, har ta ce, “Ke, ba jariri ba ne, sake ni in tafi.”

Safiyar da sakamakon zai fito ana ruwa tun asuba. Ban iya karyawa ba. Mak Dang ya haɗa mini shayi mai ƙwai ya ajiye a gabana, na kurɓa kaɗan don kar ransa ya ɓaci. Na sa tsohuwar rigata ruwan toka da hijabin da hannuna ya fara kaiwa, na tafi ɗakin gwaji. Na tarar da Uda a can, zaune a ɗaya ƙarshen teburin, rigarsa jiƙe a kafaɗa. Muka gaisa kamar baƙi.

Wayata ta yi ƙara. Bu Nenden: “Kuna tare?”

“Eh, Bu.”

“Ku zauna tukuna.”

Na ce a raina shi ke nan, ta faru. Wa ke cewa a zauna in labarin mai daɗi ne? Hoton farko ya shigo, na dutse mai tsabta, ɗige-ɗigen da na sani kamar tafin hannuna. Na biyun ya tsaya yana juyawa, ruwan sama ya kashe ƙarfin intanet. Uda ya taso ya tsaya a bayana nesa kaɗan, ina jin numfashinsa. Na rufe ido.

Shi ya fara magana. “Ranti. Buɗe idonki.”

Na buɗe. Inda ke da haske a hoton farko ya dushe a na biyu, wani wajen kuma ya taso. Ba tsari ɗaya ba ne. Mai dattin ya bi wata hanya dabam, ya bar wadda mai tsabta ya zaɓa.

Na ƙura wa hoton ido. Sai a lokacin na gane dalilin da Bu ta ce a zauna. Uda ya karɓi wayar ya faɗaɗa hoton, ya matso da shi kusa da hanci, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa. Ya daɗe har na fara jin tsoron zai nemo wani abu. Sai kawai ya fashe da dariya, ya ɗaga hannu sama ya ce, “Alhamdulillahi, na sha ƙasa! Ranti, kin kayar da ni!”

Ban taɓa ganin mutumin da aka kayar yana murna haka ba. Ni kuwa kifa kaina na yi a kan tebur na saki kukan da na daɗe ina riƙewa, kukan daɗi, har hijabina ya jiƙe. Bu Nenden ta turo: “Ya suma ne ko yana gardama?” Na rubuta mata, “Yana rawa, Bu.”

Da ta dawo ta sa taron sashe. Na gayyaci Mak Dang ya ce ba shi da lokacin ɓatawa, akwai kifi da za a kawo. Amma da na hau gaba na juyo sai ga shi a layin gaba, ya sa sabuwar batik shuɗiya, ya harɗe hannu a ƙirji, fuska babu annuri. Na nuna hotunan biyu gefe da gefe na yi bayani. Bu ta ce akwai mai tambaya? Uda ya miƙe. Na ga wuyan Mak Dang ya sandare.

Uda ya ce, “A nan ɗakin na ce Ranti ta ga tsari ta raɗa masa sunan da take so. Na ce datti ne. Ta zuba dattin da hannunta ta nuna mini ba shi ba ne. Ni ne ban yi daidai ba, ita ce da gaskiya, na janye. Kuma gwajin da ta yi ni bai zo mini a rai ba.”

Aka tafa, wasu ɗalibai har da fito. Ana cikin tafin sai na ga hannun Mak Dang a sama. Bu Nenden ta ce, “Bismillah, Malam.”

Bai dubi allo ba, Uda ya duba. “Tunda a nan tambaya ce girmamawa, ni ma ina da tawa. Yandri, da tsakuwar nan ta ce kai ne da gaskiya, da ka bar 'yata ta tafi?”

Na ji kamar in nutse. Uda ya dube shi. Ya ce, “Mak, da ban janye ba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da na zauna da ita a gaban tandar nan mun gyara aikin tare, kuma da kullum na zo ƙofar shagonka na tsaya, ka kore ni in dawo, har ka gaji.”

“Ni ba na gajiya.”

“Ni ma haka, Mak.”

Wani ɗalibi a baya ya kasa riƙe dariya. Mak Dang ya daɗe yana kallon Uda, gashin bakinsa yana motsi. Can ya miƙe ya gyara hula ya ce, “Kai da taurin kai kamar ɗan gidanmu.” Ya juyo gare ni. “Ranti, kira uwarki. Ki ce ta sayi tikiti, ran Lahadi za mu je gidansu. Ki gaya wa Ros kuma ta sauke hoton mai haƙoran nan.”

Masu karatu, ban san lokacin da na durƙusa na kama hannunsa na kai goshina ba. Ya ce in tashi ina ba shi kunya, amma idonsa ya yi ja. Nauyin da na yi watanni ina ɗauke da shi ya sauka gaba ɗaya, har na ji yunwa ta kama ni a tsaye. Na tura wa Bundo saƙo, ta amsa da murya, ba magana a ciki sai kuka da hamdala.

Mutane suka fara fita. Mak Dang yana gaba yana gaisawa da Bu Nenden a bakin ƙofa. Ina naɗe wayar kwamfuta sai Uda ya matso. Ba ni yake kallo ba, hoton da ke kan allo yake kallo, ya karkatar da kai gefe. Na san wannan karkatarwar.

Ya ce ƙasa-ƙasa, “Ranti, wancan ɗan ɗigon na gefen hagu, bai kamata ya kasance a wurin ba.”

Na ce, “Uda.”

“Tambaya ɗaya ce kawai...”

“Wallahi in ka buɗe bakin nan kafin Lahadi, ni da kaina zan auri mai haƙora.”

Ya rufe baki, amma idonsa yana kan allon. Ni ma, Allah ya shirye ni, sai na tsinci kaina ina kallon ɗigon. Yana nan kuwa, ɗan ƙarami, inda babu abin da ya kamata ya kasance, kuma ina mutuwar son in ji me zai ce.

Daga bakin ƙofa Mak Dang ya juyo, ya dube ni ya dubi Uda.

“Me yaron nan ya ce?”